Tsohuwar mota da gwajin baƙin mai: zan iya ja da lokacin juye?

Baban Ummi:

Assalamu alaikum 'yan uwa masana mota, dan Allah shawara nake nema. Ina da Corolla 2007 'yar Amurka, na saye ta 'yar Kwatano yau shekara shida kenan, yanzu mita tana nuna dubu 212 da ɗoriya. Aikina yana sa ni zuwa Kaduna daga Kano kusan duk sati, sauran ranakun kuma cikin gari ne, kai yara makaranta, kasuwa, masallaci, irin tafiyar da ba ta wuce minti goma. Tun da na saye ta duk wata biyu nake yin juye, wato canza baƙin mai, mai kaurin nan 20W-50 nake zubawa saboda shi bakanike na ya ce ya dace da tsohon inji, tare da sabuwar filta.

To matsalar ita ce tun da aka cire tallafi a 2023 komai ya tashi, galan ɗin mai ya zama abin da sai ka yi shiri, ga fetur ga taya. Wani abokin aikina ya ce min asarar kuɗi kawai nake yi, shi sintetik yake sawa kuma sai ya yi kilomita dubu 15 bai juye ba, wai a jikin galan ɗin ma an rubuta. Ya kuma ce akwai wani gwaji da ake yi, a ɗebi tsohon man a kai lab su faɗa maka ko da sauran ƙarfinsa da kuma lafiyar injin. Gsky ni ban taɓa ji ba. Shin da gaske ne ana yi? Kuma mota mai shekaru irin tawa za ta jure? Na manta ban faɗa ba, tana ɗan shan mai, kafin lokacin juye ya zo nakan ƙara kamar rabin lita, amma ba ta hayaƙi.

Oga Mai Sifana:

Wa alaikumus salam. Alhaji kar ka biye wa abokin nan naka wlh, garin neman gira za ka rasa ido. Shekara ta ashirin da wani abu ina kwance inji a wajen Ƙofar Ruwa, kuma yawancin injin da ake kawo min ya buga ba tsufa ne ya kashe shi ba, rashin juye ne. Ko satin da ya wuce na buɗe murfin saman wani inji, mai shi ma irin wannan lissafin ya yi, abin da na tarar ba mai ba ne, kamar kwalta ce ta daskare, sai da muka sa cokali muna kankarowa, ragar da famfon mai yake zuƙa ta cikinta ta toshe saura 'yan ƙofofi, metal, wato ƙarafan da kuransha (babban sandar injin) ke juyawa a kansu, ya cinye kuranshan. Kuɗin da ya kashe a gyaran nan zai yi masa juye na shekara uku. Wanda ya rubuta dubu 15 a jikin galan bai taɓa bin hanyar Kano da hazon hunturu ba. Ci gaba da wata biyunka, baƙin mai ya fi inji araha.

Injiniya Janareto:

Baban Ummi gwajin gaskiya ne, ba sabon abu ba ne ma. Ni aikina kula da manyan janareto na dizal ne a wata masana'anta, kuma duk juye sai mun ɗebi samfur mun aika. Masu manyan motoci da katafila sun daɗe suna yi, dilolin Caterpillar ma suna da tsarinsu na kansu da suke kira S.O.S. Dalili kuwa injin da ke cin lita ɗari ko fiye na mai, in gwaji ya nuna za ka iya ƙara masa awa ɗari kafin juye, kuɗi ne masu yawa. Motarka kuwa kusan lita huɗu take ci, riƙe wannan a ranka, zan dawo kansa.

Abin da suke dubawa kashi uku ne in ka tattara. Na farko ɓurɓushin ƙarafan da injin ke zubarwa cikin man, ana auna su da ppm, wato kashi nawa cikin miliyan. Baƙin ƙarfe daga bangon silinda da kamsha da cen yake fitowa, alminiyam daga fistan, kuromiyam daga ring, jan ƙarfe da dalma kuma galibi daga metal da bushin. Kowane inji yana zubar da su ko sabo ne, abin dubawa shi ne yawansu da yadda suke hauhawa daga wannan gwaji zuwa na gaba. Na biyu abin da ya shigo daga waje. Silikon yawanci ƙura ce, ma'ana iska mai datti tana wuce filtar iska, sai dai in kwanan nan aka shafa gam ɗin gasket a injin shi ma yana ɗaga silikon, to sai a yi hattara kar a tsorata a banza. Sodiyam da fotasiyam in suka tashi tare alamar kulant, wato ruwan sanyaya inji, ne yake zurarowa, gasket ɗin kai ya fara tafiya tun kafin man ya koma kalar shayi da madara. Sai fetur da ke tsiyaya cikin man ya tsinka shi, lab da yawa in ya haura kashi 2 cikin ɗari suna ja maka layi a kai. Na uku lafiyar man shi kansa, kaurinsa a zafin digiri 100, misali mai lamba 30, wato lambar ƙarshe ta irin 5W-30, ya kamata awon kaurinsa ya tsaya tsakanin 9.3 da 12.5, mai lamba 40 kuma daga 12.5 zuwa 16.3, in ya sauka ƙasa ya tsinke in ya haura sama ya fara dahuwa. Sai kuma TBN.

TBN ɗin nan shi ne ainihin amsar tambayarka. Ƙonewar fetur tana haifar da asid, musamman in akwai salfa da yawa a fetur ɗin, shi kuma baƙin mai an zuba masa sinadaran da ke kashe asid ɗin, kamar yadda kanwa ke kashe tsamin miya. TBN shi ne awon sauran kanwar da ta rage. Sabon man motar fetur yakan fara ne wajen 7 zuwa 9, na dizal ya fi haka, kullum yana sauka, in ya kusa ƙarewa asid ya fara cin metal a hankali ba tare da ka ji ƙara ba. Mu a wajen aiki in ya sauka rabin na sabo muke fara shirin juye. Kuma ka sani ba kowane lab ke saka shi cikin gwajin yau da kullum ba, wasu sai ka nema ka ƙara kuɗi, gwajin da babu TBN kuma bai gaya maka ko za ka iya ja da juye ba.

Oga Mai Sifana yana da gaskiya a kan hazo, amma inda zan ɗan saɓa masa, wannan kwaltar da ya kankaro ba lallai dubu 15 ce kaɗai ta kawo ta ba, sau da yawa man ne tun asali ba na kirki ba, ko mota tana zafi an cire mata tamostat ana zuba ruwan rijiya a lagireto.

Dan Kurmi a Ohio:

Baban Ummi kafin komai, ka ce 'yar Amurka ce, to mitarka mil take ƙirgawa ba kilomita ba sai in an canza ta. Dubu 212 mil ya kai kilomita dubu 340 fa. Mutanenmu da yawa a nan suke ruɗewa, mutum ya ce yana juye duk dubu 5 alhali dubu 8 yake yi a kilomita. Ka duba ko MPH ne manyan lambobin da ke jikin allon gudun.

Nan inda nake gwajin nan abu ne mai sauƙi, akwai wani lab Blackstone a garin Fort Wayne na jihar Indiana, su aiko maka 'yar kwalba kyauta ka cika ka mayar ta gidan waya, ka biya kuɗin gwajin su turo maka sakamako ta imel har da ɗan bayani da kwatancen sauran injina irin naka. Na yi wa motata sau uku kuma da shi na ja juye na daga mil dubu 5 zuwa dubu 7 da ɗari biyar. Amma ni babbar hanya nake bi kullum, babu ƙura, fetur ɗin nan kuma salfarsa kaɗan ce sosai. Sannan ita Toyota da ta koma mil dubu 10 ko shekara ɗaya, wajen 2010 ne ta fara kuma ga motocin da ke amfani da 0W-20 sintetik, taka ta 2007 littafinta mil dubu 5 ko wata shida ya ce da 5W-30. Ko sababbin ma littafin ya ce in kana bin hanya mai ƙura, ko gajerun tafiye-tafiye, ko mota tana yawan tsayuwa a kunne, ka koma dubu 5. Ka karanta sharuɗɗan nan ka ga kamar Kano suke siffantawa, holdof ɗin kasuwar Kantin Kwari kaɗai ya isa.

Baban Ummi:

Ikon Allah, yanzu na fita na duba, wlh mil ne. Shekara shida ina ce wa mutane kilomita. To na yi lissafi, Kano zuwa Kaduna kusan kilomita 230 ne, zuwa da dawowa sau takwas a wata biyu ga yawon gari, kenan ina yin wajen kilomita dubu 5 kafin juye, mil dubu 3 da wani abu. Injiniya kenan ina da sauran fili ko? Kuma ya ake ɗibar man, ko in ce wa yaron gareji ya cika min robar ruwa daga cikin bahon da suke tara shi?

Direban Hayis Maradi:

Sannunku da aiki. Ni dai ba na da kuɗin lab, lodi nake Maradi zuwa Katsina ta Jibiya. Abin da maigidana ya koya min tun ina yaron mota, in inji ya yi zafi ka zaro geji, wato sandar auna mai, ka ɗiga ɗigo ɗaya kan farar takarda mai kauri ka aje ta a kwance ta kwana. In man ya bazu ya yi da'ira mai faɗi launinsa yana dusashewa a hankali zuwa gefe, da sauransa. In ya tsaya baƙi ƙirin a tsakiya kamar an ɗiga tawada bai bazu ba, ya mutu. In ka ga wani zobe fari-fari mai faɗi a can waje kuma kana jin warin fetur, fetur yana zuba ciki. Ban ce ya kai na injiniya ba amma bai taɓa ba ni kunya ba.

Kuma ku bar zancen dubu nawa, ku fara tambayar man da kuke saye na gaske ne? Na taɓa sayen galan a bakin hanya, hatimi lafiya lau, kwali lafiya lau, kwana tara fitilar mai ta fara ƙiftawa in na tsaya, da muka sauke sai ga shi tsululu kamar ruwan shayi. Tsohon mai ne aka tace aka sake ɗurawa. Tun ranar in na gama da galan sai na huda shi da wuƙa kafin in yar.

Injiniya Janareto:

Baban Ummi kar ka kuskura ka ɗiba daga baho, wannan bahon man mota hamsin ya gani da ƙasa da ruwa, sakamakon zai ce maka injinka ya mutu tun bara. Ka yi tafiyar minti ashirin inji ya yi zafi sosai, a kwance noti, ka bar na farko ya zuba na 'yan daƙiƙu saboda shi ke kwaso dattin ƙasa, sai ka tara kwalba mai tsabta busasshiya a tsakiyar zubar, kamar mililita 100 ya isa, ka rufe nan take. Ka rubuta sunan man da lambarsa, nisan da ya yi, abin da mita ke nunawa, da lita nawa ka ƙara. Wannan na ƙarshe mutane suna raina shi, alhali rabin litar da kake ƙarawa tana sabunta TBN tana kuma tsinka ƙarafan, sai takarda ta fito da kyau fiye da gaskiyar injin. In da hali ka aika da ɗan sabon man daga galan ɗin ma, shi zai amsa damuwar ɗan uwanmu na Maradi, don in an rubuta 5W-30 aka auna aka ga ba haka ba ko babu sinadaran da ya kamata, ka san abin da aka sayar maka.

Game da fili, eh a takarda kana da shi, littafi ya ba ka kilomita dubu 8 kai kana yin dubu 5. Amma dubu 15 ɗin abokinka ka manta da ita. Tsohon inji ring ɗinsa ya saki, hayaƙin ƙonewa yana tsallakawa ƙasa ya shiga man fiye da na sabo, man yana saurin ƙazanta, ga tafiyar kai yara makaranta da inji ba ya zafin da zai ƙone fetur da raɓar da suka taru. Abin da ke taimakonka tafiyar Kaduna ce, awa uku a kan hanya tana busar da su. In ni ne zan yi haka, in sa mai na kirki mai tambarin inganci na API SN ko SP a jikin galan daga wurin da na yarda da shi, in gwada a dubu 5 in ga inda nake, in lafiya in ƙara zuwa dubu 6 da ɗari biyar in sake gwadawa, in ya yi kyau in tsaya wajen dubu 7 zuwa 8 shikenan, lokacin hunturu kuma in rage. Gwaji ɗaya hoto ne kawai, sai biyu ko uku kake ganin inda aka dosa.

To ga inda na ce zan dawo. In kuɗin gwaji da na aikawa ya kusa kuɗin galan da filta, to a mota mai lita huɗu ba riba kake nema da shi ba, ba za ka riƙa yi duk juye ba. Amfaninsa gare ka ka san ko ƙura na shiga, ko kulant na zurara, ko injekta na ɗiga, abubuwan da ko duk sati kake juye ba za su gyaru ba. Kuma gwajin ba duba ba ne, na'urar ƙananan ɓurɓushi kawai take gani, in gutsure mai girma ya ɓalle ba za ta nuna ba, shi ya sa mu muke yanka tsohuwar filta mu baje takardar cikinta a rana mu ga ko akwai ƙyalƙyali.

Gwajin takarda na Direba yana da asali, mu ma muna yi a fili, sai dai ba ya nuna asid. Kuma yin baƙi ba shi ne mutuwar mai ba, man dizal kwana biyu yake baƙi saboda kunkunniya kuma yana aikinsa.

Oga Mai Sifana:

Injiniya na ji bayaninka kuma na ƙaru, amma in ana nufin ya bar 20W-50 ya koma 5W-30 ɗin da littafi ya ce a injin da ya yi dubu 340, nan fa ban yarda ba. Na sha gani, a zuba sintetik mai tsinki sai sil, wato robar da ke hana yoyon mai, ya fara jiƙewa, rabin litar nan ta zama lita ɗaya da rabi, mai mota kuma ba ya duba geji don an ce masa man dubu 15 ne, sai fitilar mai ta kawo a Kwanar Dangora a hanyar Kaduna. Yawancin masu jan juye ba lalacewar mai ke kashe musu inji ba, ƙarewarsa ce.

Injiniya Janareto:

Wannan magana ta ƙarshe Oga na sa hannu a kai, duk mai son ja da juye dole ya zama mai zaro geji duk sati. Amma sintetik ba ya huda sil, wanke dattin da ya toshe tsohuwar ɓaraka yake yi sai ta bayyana. Shi kuma 20W-50 da sanyin asuba na watan Janairu yana jinkirin hawa sama, injin nan yana da VVT-i, na'urar da ke saita lokacin buɗewar bawul, mai aiki da matsin mai ta ƙananan ƙofofi, har da wata 'yar raga da ke saurin toshewa. Ba sai ya yi tsalle zuwa 5W-30 ba, ya gwada 5W-40 ko 10W-40 ya sa ido kan geji wata ɗaya, in shan ya ƙaru sosai ya koma inda yake, babu wanda ya yi asara.

Baban Ummi:

Na gode ƙwarai Allah ya saka da alheri. Ga abin da ya faru yau, tun da Injiniya ya ambaci silikon hankalina bai kwanta ba, sai na je gareji na ce a buɗe min akwatin filtar iska. Filtar kanta ba laifi, amma ƙugiya ɗaya ta murfin ta karye an ɗaure da waya, kuma wannan baƙar robar da ke tafiya daga akwatin zuwa inji ta tsage ta ƙasa inda ido ba ya gani, sai da yaron ya lanƙwasa ta tsagar ta buɗe baki. Na sa yatsa ciki na shafo, jar ƙasa ce lukui kamar hoda. Allah kaɗai ya san tun yaushe take shaƙa. An samo min wata Beljiyam an sa, murfin ma an canza.

Man da ke ciki saura sati biyu ya cika dubu 5, wani ɗan uwan matata da ke aiki a kamfanin gine-gine ya ce zai tambaya ko za a haɗa min kwalbata da nasu samfurin in za su aika. Injiniya tambaya ɗaya, tunda wannan man ya sha ƙura ta tsagar nan, shi zan aika ko in jira na gaba?

Injiniya Janareto:

Aika wannan ɗin, shi zai nuna maka ɓarnar da ƙurar ta yi, ka duba silikon tare da alminiyam da kuromiyam da baƙin ƙarfe. Kar ma ka jira sati biyun, ka sauke shi gobe. Na gaba kuma ka ɗiba a dubu 5 daidai don a kwatanta, in lambobin sun sauko sai mu yi maganar ƙarin kilomita. Ka ɗora hoton takardar a nan in ta fito, ka rufe sunanka da lambar mota.